Cocin Nikolas na titin Maroseyka a Mosko: yaya aka yi ciyar da marayu ya koma laifi?

Ɗalibar_Tarihi:

Salama gare ku. Ina neman haske daga waɗanda suka san tarihin Ikilisiyar Otodoks ta Rasha. A tsakiyar Mosko akwai wani ƙaramin coci na Nikolas Mai Tsarki, a wurin da ake kira Klenniki, kan titin Maroseyka. An ce a nan ne Fada Aleksei Mechev ya riƙe makaranta da gidan marayu, ɗansa Fada Sergei ya gaje shi, daga baya gwamnatin Sobiyet ta rufe cocin, ta kuma kashe ɗan. Da wane kuɗi ƙaramin coci irin wannan yake ɗaukar nauyin marayu? Sannan abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, juyin juya hali a 1917 aka yi shi, amma ba a rufe cocin ba sai 1932. Me ya faru a cikin shekara goma sha biyar ɗin nan? Sojoji ne suka zo da bindiga, ko ta wace hanya aka bi?

Malam_Mai_Littafi:

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Bari in ɗauki zancen kuɗi da marayu, masu ilimin doka su ɗauki sauran.

Ginin dutsen na 1657 ne, an sake gyara shi bayan gobarar 1701, hasumiyar ƙararrawar kuma ta 1749 ce. Amma tarihin da kike nema ya fara ne a watan Maris na 1893, da aka naɗa Aleksei Mechev firist na wurin yana ɗan shekara 34. Coci ne na talauci. Tsakiyar Mosko a wancan zamani cike take da majami'u, wasu manya masu suna da attajirai, saboda haka gidajen da suka rage wa wannan ba su taka kara sun karya ba. Wannan kuwa matsala ce babba, domin abincin firist da mataimakansa yana fitowa ne daga abin da jama'a suka bayar wajen baftisma, ɗaurin aure, jana'iza da addu'o'i. In ba jama'a, ba tukunya.

Kuɗin coci kansa aljihu ne daban. Yana shigowa daga sayar da kyandir, wanda shi ne mafi tsoka, sai farantin baiko da akwatunan da ake rataye wa a bango. Mai riƙe da shi wani ma'aji ne da jama'a suke zaɓa na shekara uku, ana ce masa starosta. Kowane wata ake buɗe akwatunan a gaban ma'aikatan coci, a ƙirga, a rubuta a littafin shiga da fita. Daga nan ake fitar da kason da ake aika wa hukumar bishop don makarantun horar da firistoci, a sayi itacen ɗumama ɗaki, man fitila, ruwan inabi da gari, a gyara rufi. Abin da ya saura kaɗan ne, kuma firist ba shi da ikon ɗebe shi ya raba yadda ya ga dama. Shi ya sa a 1864 gwamnatin sarki ta yi doka ta ba kowane coci damar kafa kwamitin kula mai asusunsa na kansa, don gyaran gini, makaranta da taimakon gajiyayyu. Inda abin ya karkace shi ne, masu bayarwa sun fi son a ga kuɗinsu a jikin bango: zinariya a kan ƙubba, sabuwar ƙararrawa, zanen tsarkaka. A faɗin ƙasar mafi yawan kuɗin kwamitocin nan can ya tafi, na talakawa ya zama ɗan kaɗan.

To Mechev bai fara da neman kuɗi ba. Ya fara da buɗe ƙofa. A lokacin ƙananan majami'un Mosko sau biyu ko uku a mako suke yin sujadar Jibin Ubangiji, wato babbar sujadar da ake ba da gurasa da ruwan inabi. Shi kuwa ya mai da ita kullum, ya yi shekara takwas yana yi a cikin coci kusan wayam. Ya riƙa zuwa kasuwar Khitrov da ke kusa, matattarar marasa wurin kwana da mashaya, yana zama da su. A 1902 matarsa Anna ta rasu ta bar shi da yara. A cikin wannan baƙin ciki ne ya sadu da wani sanannen firist, Fada Yohanna na Kronstadt, wanda ya ba shi shawara ya shiga cikin damuwar mutane ya ɗauke ta, tasa za ta yi masa sauƙi.

A hawan ƙasa na ginin ya buɗe makarantar yara, ya kuma kafa mafaka ta marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Shi da kansa ya yi shekara goma sha uku yana koyar da addini a wata makarantar 'yan mata. Amma ni a ganina babbar sadakarsa lokacinsa ne. Mutane suna yin layi tun daga tsakar gida har kan matakala, yana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya har dare. Daga cikin masu layin nan aka sami masu share coci, masu waƙa, masu jinyar marasa lafiya, masu kawo abin hannunsu. Burinsa shi ne mutanen gari masu aure da sana'a su yi zaman 'yan'uwa irin na gidan masu zuhudu, ba tare da sun bar gidajensu ba. Ki riƙe wannan, don shi ne zai bayyana miki abin da ya biyo baya.

Lauya_Ɗan_Katsina:

Malam ya share fage. Game da bindiga, an yi amfani da ita, amma yawancin majami'u da takarda aka kashe su, mataki-mataki.

Na farko, dokar raba addini da gwamnati da aka buga a 23 ga Janairu 1918 a tsohuwar kalanda. Ta ce ƙungiyar addini ba ta da matsayi a gaban shari'a, ba ta mallakar komai, duk dukiyarta ta zama ta al'umma, kuma an hana koyar da addini a makarantu. Da wannan kaɗai makarantar da ke ƙarƙashin cocin ta rasa gindin zama. Rajistar haihuwa da aure ma an riga an mayar da ita ofishin gwamnati tun Disamba 1917.

A watan Agusta 1918 aka fitar da umarnin aiwatarwa. Idan jama'a suna son ci gaba da sujada a gininsu, sai mutum ashirin su sa hannu a yarjejeniya da hukumar gari, su karɓi ginin aro. Ana rubuta kowane abu da ke ciki, daga kofin azurfa har tsintsiyar ƙofa, su kuma ashirin ɗin nan su ne za su biya idan wani abu ya ɓace ko ya lalace. Gyara, ɗumama ɗaki, gadi, inshora da haraji duk a wuyansu. Ki lura da abin da wannan yake nufi: hukuma ta sami jerin sunaye da adireshin mutum ashirin mafi kishin cocin, su da kansu suka kai mata. Tsarin mulkin 1918 kuma ya cire wa malaman addini 'yancin zaɓe. Kalmar tana da sauƙi a baki, amma da aka shigo da katin rabon abinci a 1929, wanda ba shi da 'yancin zaɓe ba ya samun kati, ana iya fitar da shi daga gidan gwamnati, 'ya'yansa kuma ba sa samun shiga manyan makarantu.

Wuƙar da ta yanke jijiyar ita ce dokar ƙungiyoyin addini ta 8 ga Afrilu 1929. Sashe na 17 ya lissafta abubuwan da aka haramta ɗaya bayan ɗaya: kafa asusun taimakon juna, ba membobi tallafin kuɗi ko kaya, taro na musamman don yara ko matasa ko mata, ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, ajin ɗinki da sana'ar hannu, fita yawon buɗe ido, filin wasan yara, ɗakin karatu, da ba da magani ko jinya. Ki ɗora wannan jeri a kan abin da Malam ya faɗa game da Maroseyka, za ki ga babu abin da aka bari sai tsayuwa a yi addu'a a fita. Baikon ma an ƙayyade shi: daga membobi kawai za a karɓa, kuma a kan gini, kayan sujada da ladan firist kawai za a kashe. Gwauruwar da aka ba kuɗin haya daga akwatin coci ta zama hujjar soke yarjejeniya. Babban taron membobi sai da izini. Kwamitin gudanarwa mutum uku ne, hukuma kuma tana da ikon cire duk wanda ba ta so a cikinsu. A watan Mayu na shekarar aka gyara tsarin mulki, aka bar wa masu yaƙi da addini 'yancin yaɗa ra'ayinsu, masu addini kuwa aka bar musu ibada kawai.

Ga yadda rufewar take gudana a aikace. Hukumar inshora ta ƙiyasta darajar ginin sama da ƙima, kuɗin shekara ya ninka. Ko injiniyan gari ya zo ya ce bango ya tsage, a ba da wa'adin gyara wanda ba zai yiwu ba. Ko a kama biyu ko uku daga cikin ashirin ɗin, adadi ya gaza, sauran jama'a kuma tsoro ya hana su cike gurbi. Ko a tara ma'aikatan wata masana'anta su ɗaga hannu cewa suna bukatar ginin don kulob ko sito. Bayan yanke hukunci ana ba da mako biyu a ɗaukaka ƙara zuwa hukumar ƙoli, kuma da wuya a ci nasara. Dokar har ta tsara rabon kaya: zinariya, azurfa da duwatsu masu daraja zuwa baitulmali, kayan tarihi zuwa gidan adana kayan tarihi, ƙararrawa da kujeru da darduma da fitilun rataye zuwa ma'ajiyar gwamnati, zanen tsarkaka na yau da kullum da rigunan firist a miƙa wa wani cocin da bai rufu ba tukuna.

Kada kuma a ɗauka Kirista kaɗai abin ya shafa. Dokokin nan duk addinai suka hau. Masallatan Tatar da na Asiya ta Tsakiya sun bi ta wannan ƙofar, an ƙwace wakafi, an rufe makarantun addini, an hana tara zakka. Tsarin ɗaya ne: a raba ɗakin ibada da hannun da yake ciyarwa.

Ɗalibar_Tarihi:

Na gode ƙwarai, Malam da Lauya. Amma akwai inda nake tangarɗa. A 1922 ai yunwa ake yi, mutane suna mutuwa. Idan gwamnati ta ɗauki zinariyar coci don ta sayi hatsi, wannan zalunci ne ko ceton rai?

Dattijo_Na_Wusasa:

'Yata, tambayarki tana kan hanya, kuma jerin kwanakin ne zai amsa miki.

Yunwar yankin kogin Volga ta 1921 zuwa 1922 ta ci rai wajen miliyan biyar. Tun Agusta 1921 shugaban Ikilisiyar, Fatriyak Tikhon, ya yi kira ga jama'arsa da shugabannin addini na ƙasashen waje a kawo agaji, aka fara tara kuɗi a majami'u. A Fabrairu 1922 ya ba da izini a miƙa kayan ado masu daraja da ba a amfani da su wajen sujada, irin sarƙoƙi da zobba da kwalliyar da ake yi wa zanen tsarkaka. Sai ga dokar 23 ga Fabrairu ta ce a ƙwace, har da kofi da farantin Jibin Ubangiji. A 28 ga wata Tikhon ya ce waɗannan tsarkakakku ne, dokar Ikilisiya ba ta yarda a ba da su ba. Akwai majami'un da suka nemi a bar musu kofin su biya nauyinsa da azurfa ko hatsi. Wani wuri an karɓa, wurare da dama an ƙi.

A 15 ga Maris a garin Shuya sojoji suka buɗe wuta a kan taron da ya tsaya a ƙofar coci, aƙalla mutum huɗu suka mutu. Kwana huɗu bayan haka Lenin, shugaban gwamnatin Sobiyet, ya rubuta wasiƙar sirri ga manyan jam'iyyar kwaminis yana cewa lokacin yunwar nan shi ne damar da za a murƙushe malaman coci, kuma gwamnati tana bukatar dukiyar don ƙarfafa kanta. Wannan wasiƙa ita ce ta warware gardamar a wurina. A Mosko an yi shari'a, aka yanke wa mutum goma sha ɗaya hukuncin kisa, aka harbe biyar. A Petrograd aka harbe babban bishop Veniamin da wasu uku a watan Agusta, alhali shi mutum ne da ya nemi a ba da kayan cikin lumana. Babban abincin da ya ceci mutane kuwa daga ƙungiyar agaji ta Amurka ya zo, wadda a tsakiyar 1922 take ciyar da mutum wajen miliyan goma a kullum.

A wannan shekarar ce aka tsare Tikhon, gwamnati ta ɗaure wa wani ɓangaren firistoci gindi su ƙwace shugabanci. Maroseyka ba ta bi su ba. Sau biyu 'yan sandan ciki suka kira Fada Aleksei, suka hana shi karɓar jama'a. Ya rasu a garin Vereya a 22 ga Yuni 1923. An saki Tikhon a 27 ga wata, washegari ya tafi maƙabartar Lazarev wajen jana'izar.

Malama_Mai_Zumunta:

Baba ya kai mu 1923, bari in ɗora daga nan, don a nan ne amsar shekara goma sha biyar ɗin take.

Fada Sergei an haife shi a 1892. Ya fara karatun likita a Jami'ar Mosko kafin ya koma fannin tarihi da adabi, ya yi aikin jinyar sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka naɗa shi firist a 1919. Da ya gaji mahaifinsa ba makaranta, ba gidan marayu, ba asusu. Abin da ya yi shi ne ya rarraba jama'ar zuwa ƙananan rukunoni da ake kira iyalai na ruhaniya. Kowane rukuni mutane kaɗan ne da suka san juna, da babba guda a cikinsu. Suna haɗuwa a gidan ɗayansu, su karanta rubuce-rubucen iyayen Ikilisiya na farko, su yi addu'a, su san wanda ba shi da lafiya da wanda aka kora daga aiki. Taimakon da doka ta hana ya fito daga akwatin coci sai ya koma fitowa daga aljihun mutum zuwa hannun ɗan'uwansa. Ba littafin shiga da fita, ba abin da mai bincike zai ƙwace. Rauninsa kuwa a fili yake: mutum ɗaya ya yi magana a ofishin 'yan sanda, rukuni duka ya tafi, kuma taron gida na karatu ana iya fassara shi da ƙungiyar adawa a ƙarƙashin sashe na 58 na dokar laifuffuka.

A 29 ga Yuli 1927 Bishop Sergius, mai riƙon shugabancin Ikilisiya, ya fitar da sanarwar biyayya ga gwamnatin Sobiyet, aka kuma umarci majami'u su riƙa ambaton hukuma da sunansa a addu'a. Fada Sergei ya ƙi. Har yau ana gardama a kan wannan. Masu kare bishop ɗin suna cewa da bai sunkuya ba da ba a bar ko coci ɗaya ba. Ni dai ina ganin tarihi bai goyi bayansu sosai ba, don biyayyar ba ta hana rushe babban cocin Kristi Mai Ceto a 5 ga Disamba 1931 ba, ba ta kuma hana kashe-kashen da gwamnati ta yi a 1937 ba. Kafin juyin juya hali majami'u sun haura dubu hamsin, zuwa 1939 'yan ɗaruruwa ne suka rage a buɗe, bishop huɗu kacal suke kan kujerunsu.

An kama Fada Sergei a 29 ga Oktoba 1929, wata shida da 'yan kwanaki bayan dokar da Lauya ya bayyana, aka tura shi garin Kadnikov a arewa na shekara uku. Daga can ya riƙa rubuto wa jama'arsa wasiƙu, su kuma suna kwafa da hannu suna miƙa wa juna, wasu suna hawa jirgin ƙasa su kai masa abinci. A 1932 aka rufe cocin. A 1933 aka sake kama shi, aka ba shi shekara biyar a sansanin aikin dole. Da ya fito a 1937, kafin wa'adin ya cika, ba shi da izinin zama a Mosko, don irinsu ba a barinsu su zauna cikin kilomita ɗari daga birnin. Ya zauna kusa da Kalinin yana aikin asibiti, yana yin sujada a ɓoye a cikin ɗaki. Mako biyu bayan Jamus ta kawo hari, a 7 ga Yuli 1941, aka kama shi karo na ƙarshe, aka harbe shi a Yaroslavl a 6 ga Janairu 1942. Mutanensa ba su watse ba. Ɗaya daga cikinsu, Mariya Sokolova, ta riƙe fasahar zanen tsarkaka a shekarun da aka hana ta, daga baya ta koyar da ita ga sabon zamani.

Ma'ajin_Takardu:

Tunda bincike kike yi, 'yar'uwa, ga wuraren da ake yawan zamewa.

Kalanda tukuna. Rasha ta tsallaka daga 31 ga Janairu 1918 zuwa 14 ga Fabrairu, amma Ikilisiya ta ci gaba da tsohuwar. Bambancin kwana 12 ne a ƙarni na 19, kwana 13 a ƙarni na 20. Shi ya sa za ki ga rasuwar Fada Aleksei wani wuri 9 ga Yuni, wani wuri 22, dokar 23 ga Janairu kuma ta koma 5 ga Fabrairu. Rana ɗaya ce. Sannan sunayen wurare: daga 1954 zuwa 1990 titin Maroseyka sunansa titin Bogdan Khmelnitsky, Kalinin kuma shi ne Tver na yau.

Don zamanin sarki, littafin rajistar coci kashi uku ne, haihuwa, aure da mutuwa, ana yin kwafi biyu, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a kai ofishin bishop. Na Mosko suna babbar ma'ajiyar takardu ta birnin, a tari mai lamba 203. Rahoton shekara-shekara na ma'aikatan coci shi ne zai nuna miki yawan gidaje, kuɗin shiga da ko akwai makaranta. Don zamanin Sobiyet, Jami'ar Otodoks ta Tikhon Mai Tsarki tana da rumbun bayanan waɗanda aka tsananta wa. Amma ki yi hattara da takardun tambayoyin 'yan sanda. Mai tambaya ne yake rubutawa da kalmominsa, fursuna ya sa hannu bayan hana barci ko duka. Ranar kamu da lambar sashe abin dogara ne, "amsa laifi" kuwa ba shaida ba ce sai wata takarda ta gaskata ta.

Shi ginin, bayan rufewa an sauke ƙubbobinsa, aka mai da shi sito, daga baya ofisoshin ƙungiyar matasan kwaminis da hedikwatarta take maƙwabtaka da shi suka shiga. An mayar wa Ikilisiya a 1990, aka tsarkake shi don ibada a watan Disamba. A Agusta 2000 aka sa uba da ɗa cikin jerin tsarkaka. Gawar Fada Aleksei, wadda aka ɗauke daga maƙabartar Lazarev zuwa ta Vvedenskoye a 1933, an dawo da ita cikin cocin a 2001. Ta Fada Sergei ba a san inda aka binne ta ba.